Akwatin da ke kan kantar Alhaji: kundin aikin sauke wa waya nauyi

Talata, 11 ga Fabrairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda mantuwa ta ishe ni. Sau biyu ke nan ina gwada abu ya ƙi, bayan wata guda in sake kama shi kamar ban taɓa ganinsa ba.

Abin da nake ginawa manhaja ce da manomi zai ɗauki hoton ganyen masararsa, ita kuma ta faɗa masa ko tsutsa ce, ko ciwon nan mai zana fararen layuka a ganye, ko kuwa yunwar taki ce kawai. Ƙanwata da ke karatun aikin gona a Samaru ce ta jawo ni ciki. Ta ce, "Yaya, mutum zai ga ganye ya yi ɗorawa ya ruga ya sayi maganin feshi, alhali buhun yuriya gonar take nema." Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, duk abin da ya taɓa ganye ita ake ɗora wa laifi.

Ba ni na fara irin wannan ba. Akwai PlantVillage Nuru da aka yi a jami'ar Penn State ta Amurka, wadda ke aiki a cikin waya ko babu intanet. Nawa dai na horar da shi da hotunan gonakinmu, kuma ya fito da nauyi. A wayata yana ba da amsa kafin in ƙifta ido. Yau na sa shi a wayar maƙwabcina mai ƙwaƙwalwar gigabait 2, irin wadda za ka tarar a aljihun yawancin manoma. Sakan 11 ya ɗauka kan hoto guda. A hoto na shida bayan wayar ya yi zafi kamar an ɗauko ta daga rana, a na takwas manhajar ta rufe kanta. Maƙwabcin ya karɓi kayarsa yana hararata.

Ke nan dole a ɗauke wa wayar wannan lissafi a kai shi wani wuri. Ina ne wurin, shi ne aikin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na bi hanyar da kowa ke bi: na kama hayar saba, wato babbar kwamfutar da ake aika wa aiki ta intanet, a Frankfurt ta Jamus, waya ta aika hoto, saba ta duba, ta dawo da amsa. Lissafin kansa bai kai rabin sakan ba. Tafiyar ce matsala.

Haske a cikin zaren gilashin da ke ɗaukar saƙon intanet yana cin kimanin kilomita 200 a kowane milisakan, wato kashi ɗaya bisa dubu na sakan, kuma babu injiniyan da zai ƙara masa gudu. Daga Kaduna saƙo zai gangara Legas, sama da kilomita 600 ko da a miƙe aka ja layi. Daga can ya shiga teku. Igiyar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, wato zuwa da dawowa milisakan 70 tun ba a yi maganar na'urorin da ke tare saƙo a hanya ba. Daga ɗakina a Tudun Wada ina samun tsakanin milisakan 150 da 200 idan sabis na da kyau.

Sai dai in faɗi gaskiya, wannan jinkirin bai dame ni ba. Manomi ba wasan kwamfuta yake yi ba, ba zai lura da kashi ɗaya bisa biyar na sakan ba. Abin da ya karya ni shi ne ɗora hoton. Hoto mai megabait 3, a bakin titin Rigachikun da yamma, ya kai rabin minti yana juyi, wani lokaci ya tsinke a tsakiya a sake daga farko. Ga kuma kuɗi. A watan jiya ne hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, kuma an fara gani a ƙasa. Wa zai ƙona datarsa kan ganye?

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya sa aikin ya koma na dare. Bayan asham ina zama in yi karatu har sahur ya kusa.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Ashe tun 2009 wani farfesa a jami'ar Carnegie Mellon, Mahadev Satyanarayanan, da abokan aikinsa suka kawo shawarar ajiye ƙaramar kwamfuta mai ƙarfi kusa da masu waya, taku ɗaya kacal ta Wi-Fi, maimakon a riƙa tura komai zuwa manyan rumbunan da ke wata uwa duniya. Ɗan gajimare suka kira abin, tunda gajimare ake ce wa waɗancan manyan rumbunan. A 2010 masu bincike a Microsoft da wasu jami'o'i suka fito da MAUI, wanda ke auna kowane yanki na manhaja ya yanke ko a waya za a yi shi ko a tura, duk don a ceci batir. A 2014 kuma hukumar ETSI ta Turai ta kafa kwamitin tsara yadda kamfanonin waya za su dasa saba a cikin netwok ɗinsu, kusa da turakun sabis. Shi ne ake taƙaitawa da MEC.

Duk takardun nan suna maganar "bakin netwok" kamar wuri ne da kowa ya sani, irin bakin kogi ko bakin kasuwa. To a Kaduna ina ne bakin? MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma wayar da nake yi wa aiki ko 4G da ƙyar take riƙewa, kuma babu ƙofar da ɗan ƙaramin mai rubuta manhaja irina zai ƙwanƙwasa ya ce a ba shi gurbi a gindin turke. Amazon ya buɗe ƙaramin reshen rumbunsa a Legas a farkon 2023. Wannan ya cire teku daga lissafi, amma bai taɓa ainihin ciwon ba, domin ciwon yana tsakanin wayar manomi da turken da ke kusa da shi, kuma data zai ci ko a Legas sabar take ko a Jamus.

Don haka na yanke shawara: bakin netwok ɗina shagon mai sayar da taki da maganin feshi ne. Nan manomi ke zuwa da damuwarsa. In ajiye akwati a can, ya watsa Wi-Fi nasa na kansa, babu intanet, babu data.

Juma'a, 14 ga Maris

Shekara guda cif da ranar da igiyoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a teku ta wajen Kwaddibuwa. Ina tuna layin da na bi a banki ranar, ba a cire ba a tura ba. Ban yi aikin komai yau ba, na rubuta wannan ne kawai don ranar da zan fara kwaɗayin komawa Frankfurt.

Laraba, 9 ga Afrilu

Akwati ya hau kanta.

Ƙaramar kwamfuta ce, Raspberry Pi 5 mai gigabait 8, girmanta bai wuce tafin hannu ba, da ƙaramar rauta mai watsa Wi-Fi, da batir, da faifan sola guda a kan rufin kwano. Shagon na wani Alhaji ne a Rigachikun, abokin marigayi mahaifinmu. Sai da na je sau uku kafin ya yarda. Tambayarsa ta farko ba ta fasaha ba ce.

"Ɗana, wannan abin idan ya ce wa mutum ba sai ya sayi magani ba, ni ka taimaka ko ka kashe min kasuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda bai sayi magani ba zai sayi taki. Kuma wanda ya fesa magani bai ga aiki ba, kai yake zagi a majalisa, ba tsutsa ba."

Ya yi dariya, ya ce in ɗora shi can sama kusa da agogo inda yara ba za su kai ba.

Gwajin farko da wayar yaron shagon: ɗora hoto, dubawa, dawowar amsa, duk cikin sakan 2. Wayar ko ɗumi ba ta yi ba. Na dawo gida a keke napep ina ta murmushi ni kaɗai.

Laraba, 16 ga Afrilu

Murna ta koma ciki. Yaron shago ya kira ya ce da rana abin yana jan ƙafa. Na je ƙarfe biyu na tarar shagon kamar tanda. Ni da kaina na rufe akwatin a cikin robar abinci don tsoron ƙura, ban sa fanka ba, kuma na ɗora shi dab da kwano a watan Afrilu. An ƙera na'urar ne ta rage gudu da kanta idan zafinta ya kai digiri 80, don kar ta ƙone, kuma abin da ta yi ke nan. Na huda robar, na sa fanka, na sauko da shi ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma cajar da na saya a wani shago cikin gari. An rubuta amfiya 5 a jikinta, da na auna ko 3 ba ta bayarwa. Ban koma ba, kuɗin motar ya fi kuɗinta.

Litinin, 19 ga Mayu

Wata guda na ɓata kan wata dabara da ta burge ni a takarda. Bari in rubuta ta dalla-dalla don kar in sake.

Irin wannan modal na gane hoto, wato ƙwaƙwalwar manhajar da na horar, hawa-hawa yake, kamar rariya bisa rariya. Hawan farko yana tsinto layuka da launi, na tsakiya siffofi, na ƙarshe ya ce tsutsa ce ko ba ita ba. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar Michigan suka nuna, da tsarin da suka sa wa suna Neurosurgeon, cewa ana iya yanka modal gida biyu: waya ta yi hawan farko-farko, ta tura abin da ya fito, saba ta ƙarasa. Na ce to, in na yi haka ai ko hoton ba sai ya bar wayar ba.

Da na yanka a hawa na uku, abin da wayar za ta tura ya ninka hoton da aka matse girma sau da yawa. Dalili kuwa hawan farko ba ya rage komai, baza hoton yake yi ya zama faifai da dama, kowanne lambobi zalla. Sai ka yi nisa ciki sosai kafin abin ya tsuke, kuma kafin ka kai can wayar ta riga ta yi mafi yawan wahalar da kake son ɗauke mata. An gudu ba a tsira ba. Ga masu waya mai ƙarfi da raunin sabis dabarar na iya biya. Ni akasin haka nake da shi: waya mai rauni, Wi-Fi mai ƙarfi a taku biyar.

Abin da ya yi aiki kuwa abin kunya ne don sauƙinsa. Modal ɗin ba ya ma kallon hoton a girmansa, rage shi yake yi kafin ya duba. To me ya sa nake tura megabait 3? Yanzu wayar ke rage hoton kafin ta aika. Na fara da ɗigo 224 a kowane gefe, sai ƙanwata ta nuna min cewa ƙananan ramukan nan masu kama da taga, waɗanda jariran tsutsa ke kankarewa a ganye, sun ɓace gaba ɗaya. Mun tsaya a 640. Hoton ya koma ƙasa da kilobait 100.

Da na san haka a Fabrairu, da Frankfurt ma ba ta ba ni wahala haka ba. Na zauna na yi wa kaina wannan tambaya da gaske: shin akwatin yana da sauran amfani? Ina ganin yana da shi. Babu data, babu hayar saba da dala duk wata, kuma ranar da sabis ya ɗauke yana nan yana aiki. Amma hujjar ta rage ƙarfi, kuma gara in amsa hakan a nan.

Talata, 24 ga Yuni

Damina ta kankama, masara ta kai gwiwa, mutane sun fara zuwa. Yau na wuni a shagon, kuma yau ne aka koya min abin da wata huɗu ban gani ba.

Wani dattijo ya sauka daga babur, ya zaro leda daga aljihun 'yar shararsa. Ganye uku ne a ciki, ya tsinko su tun safe, sun yi laushi sun naɗe. Yaron shago ya shimfiɗa su a kan buhu ya ɗauki hoto. Akwati ya ce yunwar taki, amma da shakka. Na ce, "Baba, a cikin kan masarar, inda sabon ganye ke fitowa, ka ga wani abu kamar garin katako?" Ya ce cike yake da shi. Kashin tsutsa ke nan. Ita tana can ƙasan ƙoƙon tana ci, shi kuma ya kawo mana tsofaffin ganyen ƙasa da suka yi ɗorawa don wani dalili daban.

Ya dube ni ya ce, "Yaro, na'urarka a shago take, ciwon kuma a gona yake."

Gonarsa na da tafiyar kusan rabin awa a babur. Wi-Fi ɗina ko tsallaken titi ba ya kaiwa. Na tsaya ina alfahari da cewa na matso da lissafi daga Jamus zuwa Rigachikun, ashe tazarar da ta rage, wadda ba ta kai komai ba a taswira, ita ce mai wuyar. Duk takardun da na karanta sun ɗauka mai waya yana zaune ne a inuwar akwatin. Nawa mutanen suna zuwa inuwar ne bayan sun baro abin da ake son dubawa.

Dattijon ya sayi maganinsa. Alhaji ya ja masa kunne ya fesa da sassafe ko da yamma, kuma ya saita bakin famfon cikin ƙoƙon, ba saman ganye ba. Wannan bayanin babu shi a manhajata. Na rubuta shi a bayan rasit.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na sake fasalin abin gaba ɗaya. Yanzu ƙwaƙwalwa biyu ce.

Ƙarama tana cikin wayar. Na gina ta kan MobileNet, wanda Google ya fitar a 2017 musamman don wayoyi, na kuma matse lambobinta daga bit 32 zuwa bit 8, abin da ya rage girmanta kusan kashi uku cikin huɗu. A wayar maƙwabcina, wanda sai da na haɗa da katin waya kafin ya sake ba ni aro, tana amsawa cikin sakan guda da ɗoriya, babu zafi. Ba ta kai babbar kaifin ido ba. Amma tana gona.

Tsarin yanzu haka yake. A gona, manhajar tana sa manomi ya ɗauki hoto uku: tsohon ganye, sabon ganye, da cikin ƙoƙo. Muryar ƙanwata ce ke faɗa masa da Hausa, saboda ba kowa ke karanta boko ba. Idan ƙaramar ta tabbata, ta faɗa masa nan take. Idan tana shakka, ta ce masa ba ta gane ba, ta ajiye hotunan, duk ranar da ya shigo shago wayar ta ji Wi-Fi ɗin akwati sai ta miƙa su da kanta.

Na sha muhawara da kaina kan zaɓi na uku, wato idan akwai sabis a gonar a tura ta intanet. Na sa shi, amma a kashe, sai mai waya ya kunna. Dalilai biyu: data kuɗinsa ce ba tawa ba, sannan idan sabis ya yi rauni waya ƙara ƙarfin watsawa take yi don turke ya ji ta, kamar mai ɗaga murya a kasuwa, kuma batir ke biya. A inda sabis yake sanda ɗaya, tura hoto na iya cin cajin da ya fi na yin lissafin a wayar. Mutumin da ke biyan kuɗi a yi masa caji a shagon mai janareta ba zai yafe min wannan ba.

Inda na fi daɗewa shi ne iyakar shakka. In na sassauta, ƙaramar za ta riƙa faɗin abin da ba ta sani ba da ƙarfin hali, mutum ya sayi maganin banza. In na tsaurara, komai sai ta ce a je shago, manhajar ta zama ba ta da amfani a gona. Kuma tsutsa ba ta jiran ranar kasuwa, kwana uku na iya raba gonar da za a ceta da wadda aka makara. Na tsaurara wa amsar "lafiya lau" fiye da sauran. Gara ta tayar wa mutum da hankali a banza da ta kwantar masa da shi a kan tsutsa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Kwana uku hadari bai bar rana ta fito ba. Batirin akwati ya ƙare jiya da azahar, wutar gari kuma ba a kawo ba tun shekaranjiya. Na yi lissafin sola da ranar Afrilu, na manta da Agusta. Na ƙara faifai na biyu, na kuma sa akwatin ya kashe kansa bayan isha'i ya tashi da asuba, tunda shagon a rufe yake.

Wata sabuwa: ranar da mutane suka taru, wayoyi bakwai suka zubo hotunansu lokaci guda, na ƙarshe ya jira kusan minti ɗaya. Rumbun Frankfurt da ƙara ma'aikata zai yi cikin ƙiftawar ido. Akwatina ma'aikaci ɗaya ne. Na sa layi, kowace waya hoto ɗaya sannan a zagayo, don kar mai hoto 20 ya tare wa mai hoto 3 hanya. Yaron shago ya ce ai haka ake yi a gidan mai.

Hotunan da ƙaramar ta kasa ganewa suna taruwa a akwatin, kuma su ne mafi daraja a wurina, don da su zan sake horar da ita. Amma na ga fuskokin yara a wasu, wani ma har da matarsa tana cirar ciyawa a baya. Ban nemi izinin kowa ba. Daga yau manhajar za ta tambaya da murya kafin ta bar hoto a akwati, wanda bai yarda ba a goge nasa da zarar an ba shi amsa. Waɗanda suka riga suka taru na goge duk mai mutum a ciki, sun kai 40.

Ƙanwata za ta zo ranar Asabar mu zauna kan sauran. Ta ce a cikinsu ta hango wasu da take zargin ba taki ba ne, wuta-wuta ce ke shan masarar ta ƙarƙashi, kuma ban taɓa koya wa modal ɗin wannan ba.

Alhaji kuma ya ce ƙaninsa mai shago a Saminaka ya ji labari yana son nasa. Na ce a bari sai an girbe, in ga ko wannan zai kai Oktoba bai sake mutuwa ba. Ya ce zai faɗa masa, amma in fara neman farashin faifan sola.